Turken Haƙorin Baba

Hantsi ya yi, ana yayyafi, lokacin da tsohon direban ya shiga asibitin haƙori da hannu a baki da kwalin ashana a aljihu. Cikin kwalin akwai haƙorinsa na gaba, haɗe da siririn turken da aka kafa shi a kai. Autarsa ce ta dasa masa, aikinta na farko tun da ta zama likita. Babu wanda bai yi wa murmushi a unguwa ba, har da waɗanda ba sa shiri. Jiya yana kurɓar shayi abin ya faɗo.

Da ya ga babban likita tsaye kusa da autar tasa, sai ya yi sauri ya riga ta magana. Kada a ce yarinyar ba ta iya ba.

"Laifina ne, Auta," ya ce, iska na fita ta giɓin. "Ƙashi na tauna."

"Baba, kai da aka hana nama tun bara? Ko na kifin gwangwani ne?"

Babban likita ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juya turken a ƙarƙashin fitila, ta leƙa ramin saiwar.

"Gam ɗin ya kama turke, bai kama saiwar ba," ta ce wa babban likitan. "Ruwan da na wanke ramin da shi ne, mai warin bilic. Ban ɗauraye shi sosai ba, ragowarsa ta hana gam kamawa."

Baba ya runtse ido. Ga shi ya shimfiɗa mata tabarmar kunya, ta naɗe da hannunta.

"Ni sai da na zubar da haƙora uku kafin na gane," in ji babban likita. "Sake masa."

Ta ɗauraye ramin da ruwan gishiri, ta sake ɗaurayewa, ta tsane shi da ɗan tsinken takarda. Ta riƙe haɓarsa ta mayar da turken da sabon gam, sai ya yi lamo kamar yaron da ake wa aski.

Da ta gama ya taɓa haƙorin da harshe. Daram.

"To, yanzu a ba ni ƙashin."

"Baba, don Allah!"

Ta juya kan mai jiran layi. A bakin ƙofa ya ga lemarta a jiƙe, an jingine ta a naɗe. Ya buɗe ta, ya ajiye inda za ta sha iska, ya fita.