Gurbi Na Tara

Karo na huɗu ke nan Mama tana danna "Adana", kwamfutar tana mayar mata da jan rubutu: ba a cike gurbi na tara ba.

"Injiniya, zo ki ga abin nan naki, ya ƙi ni."

Injiniya sunan tsokana ne da dangi suka liƙa wa autar Mama. Ita ta buɗe wa zuri'arsu shafin wiki, irin shafin intanet da kowa zai iya gyarawa, ta haɗa fom ɗin da kowa zai cike: suna, uwa, uba, sana'a, kowace amsa ta faɗa gurbinta a tebur ɗaya na jerin sunayen dangi. Mako uku tana cika baki wai fom ɗinta ba ya karɓar aikin rabi da rabi. Gobe Kawu zai kai a buga littafin dangi, wanda bai shiga teburin ba babu shi a ciki. Tun safe yake damun ta da kira, ta kasa zaune ta kasa tsaye.

Ta leƙa ta kafaɗar Mama. Yayanta, ɗan Mama, ake shigarwa, wanda ya tafi neman aiki shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gurbi na tara kuwa zaɓi biyu ta saka masa: "Yana raye" ko "Ya rasu".

"Mama, ki danna ɗaya kawai, ai kwamfuta ce."

"To ke danna mini. Wanne kika sani?"

Wayar ta sake ƙara, Injiniya ta yi wa Kawu bayani a tsaye.

"'Yata, ku sa ya rasu mu wuce wurin. Shekara nawa yanzu?"

Mama ta ji. Ta cire tabarau, ta ninke shi a hankali.

Kunya ta rufe Injiniya, don da hannunta ta tsara wannan tambayar, har tana alfahari. Ta jawo kwamfutar, ta buɗe cikin fom ɗin, ta ƙara layi na uku: "Ba a sani ba". Ta dubi Mama, ta goge, ta rubuta "Ana jira".

Mama ta mayar da tabarau ta danna. Ya shiga.

Da yamma Injiniya ta duba tarihin gyaran shafin. Mutum huɗu sun koma sabon zaɓin. Gyara na ƙarshe Kawu ne ya yi shi: shi ma ya sa "Ana jira" a layin nasa babban ɗan.