Jan Ƙyalle a Gindin Matsu

Tun da ƙafafun Kaka suka daina kai ta bakin teku, ni nake ɗauko mata kowace shekara hoton bishiyar matsu, mai ganye kamar allura, da marigayi mijinta Sawada ya shuka. Bishiyar tana cikin kurmin da ke tare wa ƙauyenmu iska da yashi, ta karkata kamar sauran, sai dai reshenta ɗaya ya miƙe ƙasa-ƙasa har yara kan hau. Bana kuwa ciwo ya shiga kurmin. Da zarar ganyen bishiya ya yi ja, sai a sare ta a ƙone.

Ranar Asabar da safe muka fita da yayana Kohei, ni da kyamara a wuya, shi da dunƙulen shinkafa yana ci. Sanyi har cikin ƙashi. Muna shiga muka fara cin karo da sababbin kututture, garin katako bai ma bushe ba. Na ƙara sauri.

Bishiyarmu tana nan tsaye, koriya shar. Amma an ɗaura mata jan ƙyalle a gindi.

"Yaya, ka gani?"

Ya daina tauna. Ya ce, "Zagaya ta wancan gefen ki ɗauka, Chisato. Kaka ba za ta gani ba."

"In suka sare ta fa? Baɗi hoton me zan kai mata?"

Ya cusa sauran shinkafar a baki, ya durƙusa ya kwance ƙyallen, ya je ya ɗaura wa wata 'yar siririya da ba ta fi hannuna kauri ba.

"Wannan ba daidai ba ne," na ce.

"To malama, je ki karanto mana hukuncinsa a littafi."

Ban hana shi ba. Na ɗaga kyamara ina dannawa a gaggauce, duk abin da na ɗauka ya fito dishi-dishi.

Muna haka sai ga Baba Umeda, dattijon da ke kula da kurmin, yana turo baro cike da ƙananan kwalabe da na'urar huda katako. Muka rusuna muka gaishe shi. Ya wuce bishiyarmu, ya tsaya gaban siririyar, ya karkata kai.

"Wane mai basira ne ya ɗaura wa wannan tsinken? Ai ina huda ta sai ta karye."

"Hudawa, Baba?" na ce. "Ba sarewa ba?"

"Wadda za a sare farin fenti ake zagaya mata, 'yata. Ƙyalle na waɗanda za a yi wa allura ne. Maganin bai isa kurmin duka ba, shi ya sa muka zaɓi manya masu lafiya." Ya juya ga Kohei. "Kai, jikan Sawada, me ya sa kunnuwanka suka yi ja?"

"Sanyi ne, Baba."

"Sanyin ne ya yi wannan ƙullin na masunta? Mayar da shi inda ka same shi, ɗan nema."

Kohei ya mayar, kansa a ƙasa. Baba ya kafa na'urar a jikin bishiyarmu, ya huda 'yan ramuka, ya soke kwalaben a karkace. Na matsa kusa.

"Za ta rayu?"

Ya nuna mini bakin rami ɗaya, inda ƙaro ya fara tsatsafowa kamar zuma. "Wadda ta kamu ba ta zubar da wannan. Taku ƙalau take."

Na zauna daɓas a kan yashi. Na ɗora kyamarar a gwiwa, na ɗauki ɗigon ƙaron nan, ya fito tar.

Baba ya miƙa wa Kohei hannun baro. "Tunda kana son aikin kurmi, tura. Akwai saura har bakin kogi."