Gidan Mista Orval Ba Shi da Jar Lamba

"Ban gan ta ba, Mista Orval," in ji Darla, tana tsugune a bayan gidan tana kankare tsohon fenti da mukullin mota. "Na duba nan, na duba can. Babu jar lamba."

Darla ce sufeton gine-gine ta gundumarmu. Ina jin su ta tagar kicin, don tsakanin gidana da na Mista Orval bai fi taku goma ba.

"Ƙara dubawa dai," ya ce. "Ubanki ma da yake wannan aikin, sai da tabarau biyu yake gani."

"Babu ita. A shekarar saba'in da huɗu aka ƙera gidan nan, lambar shaidar ingancin kuwa sai a saba'in da shida gwamnati ta sa aka fara maƙala ta. In babu ita, ba za a ba ka izinin kafa shi a wani wuri ba."

"Guguwa biyu ta bi ta kanmu, ko gezau bai yi ba."

"Na sani. A nan doka ta same shi, shi ya sa ta ƙyale shi. Ranar da ya bar filin nan, baƙo ne."

Gidaje talatin da ɗaya ne a filinmu, duka irin waɗanda ake ƙerawa a masana'anta, babbar mota ta jawo su a kan taya. Gida naka, ƙasa ta wani. A watan Maris mai filin ya sayar wa wani kamfani, aka ba mu wata shida mu kwashe. Nawa gidan yana da lamba, kuma na samu wuri a bayan gidan yayata. Mista Orval ma yana da wuri, rabin eka a kan tudu, gadon matarsa Imogene. Kabarinta yana can sama kaɗan, cikin na danginta. Shekararsa saba'in da tara, ashirin da shida daga ciki a ramin kwal ya yi su, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

'Yarsa Rhonda ta yi ta bugo waya daga jihar Ohio, wai ya koma wurinta.

"In je in zauna a ɗakin baƙi ina kallon bango?" ya ce mini. "Lorene, labulen nan Imogene ce ta ɗinka. Ba zai shiga tagar kowa ba."

Darla ce ta nuna masa hanya. Akwai kwamitin da ke zama Talatar farko ta kowane wata, yakan ba wanda ke cikin matsi izini na musamman. Ni na kai shi. Ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, ya tsaya gaban mutum biyar, ya yi ta magana har numfashi ya gagare shi. Suka yarda, amma da sharaɗi. A sake wayoyin lantarki, a haƙa sokawe, a zuba kankare a ramuka goma sha takwas da gidan zai zauna a kai, a ɗaure shi da turakun ƙarfe saboda iska, duka cikin kwana sittin. Shugabansu ya ƙara da cewa izinin na Mista Orval ne shi kaɗai, muddin yana raye a cikin gidan.

"Ni ma ban yi niyyar zama a ciki bayan na mutu ba," ya ce.

Aka yi dariya. A hanyar komawa gida har waƙar coci ya riƙa rerawa.

Mazan cocinmu suka ɗauki aikin, amma ranar Asabar kawai suke samun sarari. Lantarki da sokawe suka cinye mako shida. A Asabar ta bakwai aka haƙa ramukan. Doka ta ce kowane rami ya kai zurfin da aka rubuta, kuma sufeto ta gani kafin a zuba kankare. Darla ta zo ranar Litinin da tef ɗin awo. Goma sha huɗu sun kai. Huɗu na gefen gangare sun tarar da tsakuwa, sun gaza da inci shida.

"Inci shida, 'yar nan? Tsawon cokali fa ke nan."

"A nan ƙasa take zamewa in an yi ruwa. In na sa hannu gidan ya karkata da kai a ciki, me zan ce wa Rhonda? Ku ƙara, zan dawo Juma'a."

Motar kankare ranar Asabar za ta zo, in aka rasa ta sai bayan mako biyu, lokacin wa'adi ya wuce.

Ranar Laraba na tashi daga aiki da azahar, na zuba masa wake da burodin masara. Ban ga a-kori-kurarsa ba. Ƙarshen Yuli ne, rana kamar za ta narka kwalta. Na san inda ya tafi.

Na same shi a filin tudun zaune a ƙasa, ya jingina da tayar mota, diga a gefensa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun yi toka-toka.

"Mista Orval, me ka yi haka?"

"Uku sun kai. Na huɗun ne ban tabbata ba."

Na kira motar asibiti, suka ce minti ashirin da biyar. Na jiƙa gefen rigata da ruwan gora ina shafa masa a wuya. Ya ture hannuna.

"Tef na kan kujerar mota. Auna mini."

"Bar maganar rami yanzu."

"Lorene. Auna mini."

Na ɗauko, na durƙusa a bakin ramin, na zura shi har ya taɓa ƙasa. Saura inci biyu.

"Ya kai," na ce. "Har ya ɗan wuce."

Ya lumshe ido. "To ki faɗa wa 'yar nan ta zo ta gani. Kada ki yi mata faɗa, aikinta take yi."

Washegari da hantsi ya cika a asibiti, Rhonda tana hanya, saura mata tafiyar awa ɗaya.

Kusa da Imogene aka binne shi. Darla ta zo, ta tsaya daga baya. Da aka watse Rhonda ta tare ta.

"Gidan fa? Ina so in kai shi inda ya so, ko ba kowa a ciki."

"Izinin da sunansa yake," in ji Darla, idonta a ƙasa. "Ya tafi da shi."

Na ɗauka Rhonda za ta zage ta. Kallon ta kawai ta yi, ta juya. Ni kuma na kasa isar da saƙon da ya ba ni. Har yau ban isar ba, kuma ban faɗa wa kowa maganar inci biyun ba.

A watan Satumba kamfanin ya aiko katafila. An riga an janye gidana, amma na je. Rhonda ta kwashe hotuna da labulaye da tukwane tun makon jana'iza. Aikin bai ɗauki awa ɗaya ba, aka loda tarkacen a tifa biyu aka tafi. Direban bai taɓa matakalar ƙofa ba, wai ba ta cikin takardarsa. Ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar fili, hawa uku na katako, da madogarin hannu a gefen dama wanda ya yi sulɓi saboda riƙo. Na zauna a hawa na biyu har inuwa ta iso ƙafata.