Kwanon da Gwaggo Ta Cika

Shekara biyu Raihanatu tana kokawa da wani farin gari mai suna boron nitirayid, wanda ya tsani ruwa kamar kyanwa. Sai da ta niƙa shi da takin yuriya, irin na gonar albasa, har ya koma siraran ɓawo da ido ba ya gani, sannan ya yarda ya baje cikin ruwa fari tas kamar nono. Ta daskarar, ta zuƙe ƙanƙarar, aka bar ta da wani ɗan curi fari mai kamar kumfa, marar nauyi sam. Shi kaɗai gare ta. Yau za ta nuna wa malaman jami'a a Aliero; in babu shi, babu digiri.

Saboda tsoron fankar ɗakin gwaji, ta kai shi gidan Gwaggo a Jega, ta rufe a kwanon silba.

Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafar Raihanatu. Suka cusa kansu a mota, kwano bisa cinyar tsohuwa.

Gaban malamai uku, Raihanatu ta karɓi kwanon, hannunta ya yi ƙasa. Ta buɗe. Albasa, jajaye, har baki.

"Gwaggo! Mi na wanga?"

"Awo! Na ɗaga kwano na ji shi wayam. Ɗiyar wa ka kai ma manya kwano wofi? So kike a zage mu har Maiyama?"

"Abin da ke ciki hwa?"

"Wani ɗan hwarin datti? Na hure shi."

Babban malamin, Farfesa Muntari, ya fara tattara takardu. Can ya tsaya, ya gyara tabarau, ya ƙura wa kan Gwaggo ido.

Ga curin nan bisa ƙullin ɗankwalinta, zaune daram kamar balbela kan sa.

"A kashe fanka!" in ji shi. "Hajiya, tun Jega ba ki ji komai a ka ba?"

"Ɗan nan, ni da ka jin saukar ƙuda? Ban ji ba."

Farfesa ya dubi 'yan'uwansa. "Wane sikeli ya kai kan Hajiya nuna rashin nauyin abin nan?"

Ya ɗauki biro. Daidai lokacin yajin albasa ya kai hancin Gwaggo, ta ja numfashi, ta buɗe baki. Raihanatu ta yi tsalle ta matse mata hanci.

"Farfesa, don Allah sa hannu da sauri!"

Ya sa. Sannan ta saki.