Sika Ta Haihu a Murhun Banda

Mu matan bakin teku a Apam ba ma cinna wuta a murhun banda sai mun durƙusa mun leƙa cikinsa. Haka na taso na ga uwata tana yi. Murhun laka ne, ko wuta ta mutu tokarsa takan daɗe da ɗumi, kyanwa kuwa in ta samu toka mai ɗumi ta samu duniya.

Ranar da nake ba ku labari, lokacin shigowar kifi ne. Kwale-kwalen ɗana Ebo ya dawo da hantsi cike maƙil, matarsa Araba ta yi ta jido kifi a baho tana jerawa a tsakar gida. Murhu biyu gare ni. Na farko tuni ya kama. Na durƙusa a bakin na biyu, gwiwoyina suna ƙara, sai ga idanu suna haska ni.

Na ce, "Araba, ajiye ashanar nan. Sika ta sauka."

Sika kyanwata ce, ita ke tsare mini kwandunan kifi daga ɓeraye. Ga ta kwance a toka da jarirai huɗu, ko ido ba su buɗe ba.

Araba ta riƙe ƙugu. Maame take ce mini, wato uwa. "Maame, duk faɗin gidan nan ba ta ga wurin haihuwa ba sai nan? Tsohon zanena fa na shimfiɗa mata a kwando."

"To ki kai ƙararta wajen sarkin masunta."

Muka kwashe su a hankali muka sa a kwandon. Kafin mu gama jera itace, Sika ta cafko su ɗaya bayan ɗaya ta mayar. Muka sake kwashewa, muka toshe bakin murhun, ta haura ta sama da ɗa a baki. Da na taɓa ƙaramar cikinsu na ji jikinta ya fara sanyi, sai na ce a bari haka nan. Jariri ba ya son jagula, ko na mutum ko na dabba.

Araba ta ce, "Kifi kuma ba ya jiran mai jego."

Gaskiyarta. Rana ta take, ƙudaje sun fara taruwa. Kifin da bai sha hayaƙi da wuri ba, sai dai a danne shi da gishiri a sayar a wulaƙance, ga Ebo ya kwana a teku kafin ya samo shi.

Murhun da babu kowa a kansa duk layinmu na maƙwabciyata Ekuwa ne, don kwale-kwalensu yana wajen gyara. Sai dai tun bara ba ma magana. Ta zuba maganin ɓera a gindin katanga, karen Ebo ya ci mataccen ɓera, da ƙyar likitan dabbobi ya ceto shi. Ni kuma na gaya mata maganganun da ba a faɗa a coci.

Na gyara ɗaurin zani na tafi, Araba tana biye da ni.

Ekuwa ta kalle ni sama da ƙasa. "Wa nake gani kamar Aba? Ko hanya ce ta ɓace miki?"

"Aron murhu na zo."

"Naki ya rushe?"

"Mai jego ce a ciki."

Da na yi mata bayani, ta yi dariya har tana share hawaye da bakin zani. Ta ce tun muna 'yan mata haka nake, kaina ba ya ɗaukar gyara. Can sai ta jawo wani kwando ta nuna mini, duk ɓeraye sun cinye gindinsa.

"Maganin ma sun gane shi, tsallake shi suke yi. Ga murhu nan, amma ki ba ni ɗaya daga cikin 'ya'yan."

"Ba na ba da 'ya a gidan da ake ajiye guba."

Araba ta mintsine ni ta baya. Ni ma sai na tuna bahon kifin da ke rana. Ekuwa ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin maganin ta dangwara mini a hannu.

"Sai me kuma, surukata?"

Na ce sai uwar ta yaye su. Wadda ta ɗauka kuma a ajiye mata ruwa mai tsabta kullum, kada a ba ta kifi mai gishiri, ranar da likita ya zo allurar rigakafin ciwon haukan kare a kai ta. Kuma a leƙa murhu kafin a kunna.

"Ko dangin mijina ba su gindaya mini sharaɗi haka ba," in ji ta. "Araba, kawo kifin kafin tsohuwar nan ta nemi sadaki."

Ita ta taya mu jera kifin a raga, tana yi tana tsokanata. Ko ɗaya bai lalace ba. Ƙullin maganin kuwa likita na kai wa, ya san yadda zai yi da shi.

Ƙaramar nan da ta so ta mutu ita Ekuwa ta zaɓa, ta sa mata sunana, Aba, wai saboda taurin kai. Yanzu kusan kullum da safe nakan jiyo ta ta bayan katanga tana cewa, "Aba, fito daga murhun nan, marar jin magana."

Ni kuma in amsa daga nan, "Sai na ga dama."