Ƙanƙarar Eliana a Ɗakin Kaji

Ina sauke kaji a bakin kasuwa ranar Asabar ɗin bikin Karnabal Eliana ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Yaya Fermín, injin sanyin motarka yana aiki?"

"Yana aiki. Lafiya?"

"Juye abin da ke ciki ka zo jami'a yanzu."

Eliana ce autarmu, kuma ita kaɗai ta yi karatu mai zurfi a gidanmu. Aikinta binciken ƙanƙarar kan duwatsu, musamman ta dutsen da ke bayan ƙauyenmu, wanda tsofaffi ke kira Achachila, wato Kaka. Muna yara ƙanƙarar takan sauko har kusa da inda muke kiwon lama, dabbobinmu masu dogon wuya. Yanzu sai ƙafa ta gaji kafin ka taɓa ta. A ranin da ya wuce Eliana ta hau can da abokan aikinta, suka kafa tanti, suka huda ƙanƙarar da inji har ƙasa, suka zaro ta sanda-sanda kamar rake. Ta ce min a cikin kowace sanda akwai ƙura da toka da iskar zamanin da ba a haifi kakan kakanmu ba, kuma ranar da dutsen ya gama narkewa, waɗannan sandunan kaɗai za a iya tambaya.

Shugaban sashensu, Dokta Zabaleta, ya shirya a kwashe su duka a kai Turai. A taron da aka yi kan maganar, Eliana ta miƙe ta ce rabi zai zauna a nan La Paz, don ba ta ga dalilin da ɗaliban garin za su nemi biza kafin su ga ƙanƙarar dutsensu ba. Ya ce ɗakin sanyin sashen ya tsufa. Ta ce to a gyara shi mana. Aka yi ta ja, daga ƙarshe ya bar mata rabin, ya ce idan ya narke ita za ta amsa.

Injin ɗakin nan ne ya mutu ranar Asabar ɗin, mai gyaran kuma yana can garin Oruro yana rawar bikin.

Na same ta a ƙofar sashen ta naɗe hannun riga, tana gardama da mai gadi, Don Eusebio. Shi dai ya ce ba a fitar da ko tsinke sai da izinin Dokta. Ta kira Doktan, ta ƙara sautin wayar muna ji.

"Señorita Tarqui, kada ki taɓa komai," in ji shi, yana kiran ta da sunan gidanmu. "Ki rufe ƙofa, ki lulluɓe akwatunan da bargo, ranar Litinin a duba."

"Dokta, kafin Litinin sai dai mu kwashe su da bokiti."

"Kayan jami'a ne. Ba za a loda su a motar kaji ba. Na hana."

"Na ji ka hana," ta ce. "Zan fitar da su. Ka rubuta cewa ni na yi."

Ta kashe wayar ta dubi Don Eusebio. Ya ce shi yanzu zai zagaya bayan gini ya duba ko an kulle tagogi, kuma ginin da girma.

Muka fara jido. Akwatunan dogaye ne, masu nauyin tsiya. Na kusa da ƙofa ya riga ya jiƙe, ruwa na ɗiga daga gindinsa. Ta buɗe ta leƙa, ta rufe a hankali. Ta ce na saman ne, ƙanƙarar shekarun baya-bayan nan, ta tafi. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma sai ta daka min tsawa wai na riƙe nawa ɓangaren da kyau.

"Ina muka nufa?" na tambaye ta bayan mun kulle motar. "Sanyin motata na kaji ne, ba zai riƙe wannan ba."

"Wajen Gwaggo Basilia."

Na yi dariya. Gwaggo Basilia yayar babanmu ce, dillaliyar kaji a El Alto, garin da ke kan tudu saman La Paz, mai ɗakin daskarewa da ya fi ɗakin kwanana girma. Ko kofin shayi ba ta bari a ajiye mata a ciki.

Hawa El Alto ranar Karnabal ba wasa ba ne. Kowane titi an tare, masu ganga da ƙaho a gaba, masu rawa a baya, ana ta watsa wa mutane ruwa da kumfa. A wata mahaɗa muka cije gaba ɗaya. Eliana ta diro daga mota ta nufi shugaban masu rawar, wani ƙato mai abin rufe fuska, tana nuna motar tana magana da hannu biyu. Ban ji me ta ce ba. Sun wanke ta da kumfa tun daga kai har ƙafa, amma ƙaton ya busa usur, 'yan rawa suka dare gida biyu, na wuce a tsakiyarsu suna buga min ganga a jikin mota.

Mun tarar da Gwaggo a ƙofar shago da hularta a kai, tana zuba wa ƙasa barasa kamar yadda ake yi a bikin.

"Ke kuma daga wace kwata kika fito?" ta ce da Eliana.

"Gwaggo, ɗakinki nake so."

"Ɗakina? A cike yake da kaji."

"A fitar da su."

"Kai Fermín, karatun nan ya taɓa ta ne? Ƙanƙara za ki kawo min? Ni da nake kankare ta daga bango ina zubarwa?"

"Ta Achachila ce," in ji Eliana. "Daga can cikin cikinsa. In ta narke babu wata."

Gwaggo ta dubi motar. A gindin wannan dutsen ta yi kiwo har aka yi mata aure. Sai ta juya ta ƙwala wa maƙwabta kira, ta ce duk mai tukunya ya zo. Kafin la'asar rabin kajin sun watsu a unguwa, hayaƙin suya ya cika layin, akwatunan Eliana kuma suna jere a kan katako a ɗakin daskarewa.

Da aka gama Gwaggo ta ce a buɗe mata ɗaya. Eliana ta buɗe. Sandar na cikin leda, fara mai duhu-duhu, da ƙananan kumfa a ciki. Gwaggo ta miƙa hannu.

"Kar ki taɓa, Gwaggo."

"A ɗakina?"

"A ɗakinki. Hannunki da ɗumi."

"Marar kunya," in ji Gwaggo, ta mayar da hannun cikin mayafi. Ta daɗe a tsaye tana kallo kafin sanyi ya kore mu.

Ranar Litinin aka kira Eliana ofis. Dokta Zabaleta bai ɗaga murya ba. Ya ce ta karya doka, ta sa kayan bincike a cikin kaji, kuma ba wanda zai yarda da sakamakon da ya fito daga irin wannan wuri. Ta ce ledojin a rufe suke, duk mai shakka ya zo ya gwada. Aka dakatar da ita daga aiki har ƙarshen zango, aka ce ta dawo da akwatunan nan take. Ta ce za ta dawo da su ranar da aka sa sabon inji, ba kafin nan ba, kuma makulli yana hannun gwaggonta, wanda ke so ya je ya karɓa. Ba wanda ya je.

Duk tsawon dakatarwar a shagon ta yi aikinta. Takan sa rigar sanyi mai kauri ta shiga, ta auna, ta ɗauki hoto, ta fito leɓenta ya yi shuɗi ta sha api, kunun masara mai zafi, masu sayen kaji suna tsokanarta wai likitar kaji ta fito. Ɗalibai suka fara hawowa El Alto ɗai-ɗai suna neman ta, har da waɗanda Dokta ke koyarwa.

Da sanyi ya shigo aka sa sabon injin. Jami'a ta turo mota, Gwaggo ta ce ba akwatin da zai fita sai ta ga inda za a kai shi. Dole na ɗauke ta muka gangara La Paz. Ta wuce Dokta Zabaleta a baranda ta ce masa barka da rana, ta shiga ɗakin sanyin ta sa aka rufe ta a ciki. Muna tsaye a waje, shi yana duba agogo, Eliana ta harɗe hannu. Can ta ƙwanƙwasa aka buɗe.

"Bai kai nawa ba," ta ce tana gyara hula. "Amma ku kawo su."