Bayan Takardar Lantana

Saki na uku, a tashar Tsafe Mamman direba ya rubuta shi. Ya yagi takarda, ya rubuta “Na saki matata Lantana”, ya sa hannu, ya ba wani fasinja ya kai mata gida a Tudun Wada, cikin Gusau. Bai sa kwanan wata ba.

Kafin Lantana ta tafi gidan iyayenta a Bunguɗu, sai ta ba maƙwabciyarta Marta ajiyar takardar, domin takardun saki biyun farko a ɗakinta suka ɓace, kuma ba ta taɓa yarda ɓera ne ba. Marta tela ce, Kirista. A kotu aka ɗaura nata auren, mijin ya tafi Kaduna bai waiwayo ba, kuma shekara uku ke nan tana zaryar babbar kotu ana ɗage shari’a.

Bayan wata biyu Mamman ya aiko Bunguɗu cewa ya mayar da matarsa. Wai saki biyu ne kawai, takardar da take magana tsohuwa ce, ta saki na biyu. Aka sa ranar zuwa gaban alƙali a Gusau. Lantana ta san idan aka yarda da maganarsa, za a ce ta koma ɗakin da ya riga ya haramta gare ta.

Ana jibi shari’a ta shigo Gusau karɓar ajiyarta. Tun daga bakin layi ta hango motar Mamman a ƙofar shagon Marta. Ta raɓe a gindin dalbejiya har ya fito yana dariya, Marta na raka shi da kofin ruwa a hannu. Sai maganganun Marta suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ba ita ce kullum take cewa, “Ku naku auren da kalma ɗaya yake mutuwa, mu namu ya mutu an hana binne shi” ba? Tausayi ne wannan, ko kuwa baƙin ciki?

Da motar ta tashi, Lantana ta shiga shagon.

“Maman Joy, ina wuni? Takardata na zo karɓa.”

“Ko ruwa ba za ki sha ba, Maman Sule?”

“Na ga wanda ya sha ruwan.”

Marta ta tsayar da keken ɗinki. “Takardar ba ta nan.”

Lantana ta ce, “Kin ba shi.”

“Roƙona ya yi, har da alkawarin kai ni Kaduna kyauta neman mijina Jonathan. Na ce masa ni da na samu hutu? Tun da ya fara zarya na kai takardar gidan ƙanwata a Damba. Ki zo jibi, a ƙofar kotu.”

Lantana ta kalli idonta, ba ta karanta komai ba. Ta koma Bunguɗu ba ta ci abinci ba, ta ce wa mahaifiyarta, “Inna, ina jin an sayar da ni.”

Ranar shari’a har aka kira sunansu Marta ba ta iso ba. Mamman ya miƙe ya maimaita maganarsa a tsanake. Yana cikin yi sai ga Marta da haki, takardar cikin leda.

Alƙali ya karanta. “Babu kwanan wata. Lantana, me zai nuna ta bana ce?”

Marta ta ɗaga hannu.

“Allah ya gafarta malam, a juya bayanta. Shekara uku a kotu sun koya mini duba bayan takarda.”

Alƙali ya juya. Shafi ne na littafin da ake rubuta sunayen fasinja a tasha: mutum bakwai, Tsafe zuwa Gusau, lambar motar Mamman, da kwanan wata na wata biyu da suka wuce, da hannun malamin tasha.

“Malam Mamman, yaya aka yi tsohuwar takarda ta hau shafin bana?”

Aka tabbatar da saki uku.

A waje Lantana ta kasa haɗa ido da Marta.

“Na zarge ki, Maman Joy.”

“Na gani tun shekaranjiya. In kin gama kunyar, ranar Litinin tawa shari’ar. Ki zo ki zauna kusa da ni, bencin akwai sanyi.”